Wadannin lambu: Yadda abin da aka haramta ya zama hanyar tara kuɗin taimako a bikin furanni na Chelsea

A watan Mayun kowace shekara, mutane kimanin 150,000 ne kan yi tururuwa zuwa unguwar Chelsea da ke yammacin birnin Landan, domin kallon bikin baje kolin furanni mafi shahara a Birtaniya.

Bikin yana da dokoki masu tsauri game da abin da aka yarda a nuna da wanda ba a yarda ba. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce dokar da ta hana shigo da wani ɗan ƙaramin mutum-mutumi mai farin gemu da jar hula mai tsini, wanda ɗimbin Turawa ke ajiyewa a lambunan gidajensu domin ado.

A shekarar 2013 masu shirya bikin suka ɗage wannan haramci na shekara guda. Suka nemi fitattun mutane su yi wa 'yan mutum-mutuman fenti, aka yi gwanjonsu, aka zuba kuɗin a shirin koya wa yara aikin lambu a makarantu. A shekarar 2026 kuma suka sanar da sake ɗage haramcin a karo na biyu, bisa wannan manufa.

Lamarin ya yi kama da raha, kuma haka jaridun Birtaniya suka ɗauke shi. Sai dai a ƙarƙashinsa akwai batutuwa biyu da suka daɗe suna damun ƙasar: bambancin aji tsakanin masu hali da talakawa, da kuma ƙarancin matasan da ke son koyon sana'ar shuka.

Mene ne wadan lambu?

Da Ingilishi ana kiransa gnome. Jamusawa da Faransawa kuwa sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa ita ce wadan lambu, wato gajeren mutumin da ke zaune a lambu.

Yawanci tsawonsa bai wuce kamu ɗaya zuwa biyu ba. Akan yi shi da siffar tsoho mai tumbi da fara'a, riƙe da shebur ko diga ko fitila, ko yana tura baro, ko yana zaune a bakin ɗan kududdufi da sandar kamun kifi.

Ba abin bauta ba ne a wurin masu ajiye shi. Kayan ado ne, kamar tukunyar fure ko fitilar ƙofar gida, kodayake asalinsa na komawa ne ga tatsuniyoyin mutanen Turai.

A cikin tatsuniyoyin Jamus da ƙasashen arewacin Turai akwai labaran wasu gajerun halittu da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa, suna gadin zinariya da sauran ma'adinai, wasu lokuta kuma suna fitowa da dare su taya manomi aiki. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Paracelsus, wanda ya rasu a shekarar 1541, shi ne ya fara amfani da kalmar da Turawan Ingila suka aro daga baya.

Masana tarihi da dama na danganta kamannin wadan da shigar masu haƙar ma'adinai na zamanin da a Jamus. Doguwar hular akan cusa mata tsumma ko ciyawa domin ta kare kai daga duwatsun rami, launinta mai haske kuma yana sa a hango mutum a cikin duhu.

Daga fadar masu sarauta zuwa gidan talaka

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, masu hannu da shuni ne suka fara wannan ado.

Kimanin shekaru 300 da suka wuce an riga an kafa mutum-mutuman wadanni na dutse a lambun fadar Mirabell da ke birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya, kuma wasunsu na nan har yau.

A Ingila kuwa, wani basarake mai suna Sir Charles Isham ne ake dangantawa da shigo da su. A shekarar 1847 ya kawo guda 21 na gasasshen yumɓu daga Jamus, ya jera su a cikin lambun duwatsu da ya gina a gidan gadonsu na Lamport Hall, a gundumar Northamptonshire.

'Ya'yansa mata ba su ƙaunaci abin ba. Bayan rasuwarsa a shekarar 1903 suka kawar da su, amma guda ɗaya ya tsira a wani lungu, aka gano shi bayan shekaru masu yawa. Ana kiransa Lampy, kuma a shekarar 1997 an yi masa inshora ta fam miliyan 1.

Sana'ar ƙera su da yawa domin sayarwa ta bunƙasa ne a wani ɗan gari mai suna Gräfenroda a yankin Thuringia na Jamus, daga shekarun 1870. Philipp Griebel da August Heissner na daga cikin waɗanda suka kafa masana'antu a garin. Akan zuba yumɓu mai ruwa a cikin mazubi, a bar shi ya bushe, a gasa shi a wuta, sannan a yi masa fenti da hannu. Aiki ne mai cin lokaci, don haka kayan na da tsada.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali. Na farko shi ne fim ɗin zane na kamfanin Disney na shekarar 1937 mai ɗauke da wadanni bakwai, wanda ya sa masu ƙira suka koma yin fuskoki masu kumatu da murmushi irin na wasan yara. Na biyu shi ne shigowar siminti da roba, musamman daga shekarun 1960, abin da ya karya farashi. Daga baya masana'antun Polan da Sin suka mamaye kasuwar.

Da zarar abin ya shiga hannun kowa, sai manya suka juya masa baya. Wadan da a da ake gani a lambun basarake ya koma alamar ƙaramin gidan ma'aikaci a bayan gari.

Duk da haka farin jininsa bai dushe ba. An sha ƙiyasta cewa a Jamus kaɗai akwai kimanin miliyan 25. A Faransa wata ƙungiyar 'yan barkwanci da ta ɓulla a shekarar 1996 ta riƙa sace su daga gidaje tana kai su daji, tana cewa 'yanta su take yi, kuma a shekarar 2000 ta kwashe kimanin 20 daga wani baje koli a lambun Bagatelle na birnin Paris. A shekarar 2021 ma shagunan kayan lambu a Birtaniya sun koka da ƙarancinsu, bayan da jama'a suka raja'a kan aikin lambu a lokacin kullen korona, ga kuma jirgin dakon kayan nan da ya toshe mashigin Suwez a watan Maris na shekarar.

Wane irin biki ne na Chelsea?

Ƙungiyar masana harkar lambu ta masarautar Birtaniya, wadda aka fi sani da RHS, ita ce ke shirya bikin. An kafa ta a Landan a shekarar 1804, ta sami sunanta na yanzu a shekarar 1861, kuma tana da mambobi fiye da 600,000. Ita kanta ƙungiyar jinƙai ce mai rajista, wato ba ta da masu hannun jari da ke raba riba.

Ta fara babban bikinta na bazara a shekarar 1862 a unguwar Kensington, daga baya ya koma wani fili a tsakiyar Landan, sannan a shekarar 1913 ya tare a inda yake yanzu.

Wurin shi ne harabar gidan tsofaffin sojoji na Chelsea, a bakin kogin Thames. Sarki Charles na Biyu ne ya kafa gidan a shekarar 1682, kuma yana ɗauke da tsofaffin sojoji kimanin 300, waɗanda aka san su da doguwar jar riga. Unguwar ce kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Chelsea ya samo sunansa daga gare ta.

Ana yin bikin ne kwana biyar, daga Talata zuwa Asabar, kuma kwana biyun farko na mambobin ƙungiyar ne kaɗai. Ranar Litinin da ke gabatarsa ta 'yan jarida ce da alƙalan gasa da iyalan gidan sarauta. Marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta halarta fiye da sau 50.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun dakatar da shi na wasu shekaru. A shekarar 2020 an yi shi ta intanet saboda korona, a 2021 kuma aka mayar da shi watan Satumba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne manyan lambunan gasa. A cikin kimanin makonni uku akan mayar da fili fetal ya zama lambu mai manyan itatuwa da ƙorama da gine-gine, kamar ya shekara da shekaru a wurin. Alƙalai kan ba da lambobin yabo hawa huɗu, mafi daraja ita ce ta zinariya. Mai tsara lambun da ya sami zinariya a Chelsea, kasuwarsa ta buɗe.

Me ya sa aka haramta wadannin?

Dokokin masu baje koli sun hana amfani da mutum-mutuman halittun tatsuniya masu launi mai ɗaukar ido, kamar yadda suka hana balan-balan da tutoci.

Hujjar ƙungiyar ita ce, bikin na tsirrai ne da gwanintar tsara lambu, kuma irin waɗannan kayayyaki na janye hankalin mai kallo daga abin da ya zo gani.

Masu suka kuwa na ganin girman kai ne kawai. Suna nuni da cewa ana barin mutum-mutuman dutse da na tagulla masu tsadar gaske a lambunan gasar, har da na halittun tatsuniyar Girkawa, muddin dai sun dace da abin da manya ke kira ado. A ganinsu, laifin wadan shi ne arha.

Muhawarar ta yi tasiri ne saboda matsayin lambu a rayuwar Birtaniya. Mafi yawan gidajen ƙasar suna da ɗan fili a gaba ko a baya, kuma abin da mutum ya shuka ko ya ajiye a wurin kan nuna wa maƙwabta ko shi wane ne. Ga kuma tsadar shiga bikin, inda a 'yan shekarun nan tikitin yini guda kan haura fam 100.

An sha ƙoƙarin karya dokar. Wanda ya fi yin suna shi ne na shekarar 2009, lokacin da Jekka McVicar, wata fitacciyar mai renon ganyayen ƙamshi da na magani, wadda ta ci lambobin zinariya da dama kuma take cikin majalisar gudanarwar ƙungiyar, ta shigo da wani ɗan wada nata ta ajiye a cikin shukokinta. Labarin ya mamaye jaridu fiye da na wasu lambunan da aka kashe wa maƙudan kuɗi.

Wannan ya nuna wa masu shirya bikin irin kasuwar da ke tattare da dokar tasu.

Gwanjon shekarar 2013

A shekarar 2013 bikin ya cika shekara 100 a Chelsea. Ƙungiyar RHS ta ƙaddamar da gidauniyar neman fam miliyan 1 domin tallafa wa masu tasowa a harkar lambu, kuma ta sanar da cewa a wannan shekarar kaɗai an yarda wadannin su shigo.

Aka raba wa fitattun mutane farare da ba a yi wa fenti ba, kowa ya ƙawata nasa yadda ya ga dama. Cikinsu akwai mawaƙi Elton John, wanda ya yi wa nasa ado da ƙyalƙyali da tabarau irin wanda aka san shi da shi, da 'yan wasan kwaikwayo Helen Mirren da Judi Dench da Joanna Lumley.

An baje su a lokacin bikin, daga ranar 21 zuwa 25 ga watan Mayu, aka kuma yi gwanjonsu a shafin eBay, ta yadda wanda bai sami zuwa Landan ba shi ma zai iya tayawa.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Wadan roba ko na siminti 'yan fam kaɗan ake sayar da shi a shago. Abubuwa uku ne suka ɗaga darajarsa: hannun shahararren mutum ya taɓa shi, babu irinsa biyu, kuma ya shiga wurin da aka shekara da shekaru ana hana shi shiga. Da a ce kowace shekara ana barin su, da babu jaridar da za ta aika mai ɗaukar hoto dominsu.

Akwai kuma ribar da ba ta kuɗi ba. Labarin ya kai ga mutanen da ba su taɓa jin sunan shirin lambun makarantu ba, ya kuma ba ƙungiyar damar nuna cewa tana iya yi wa kanta dariya, a daidai lokacin da ake zarginta da zama ta masu hali kaɗai.

Da bikin ya ƙare, dokar ta koma aiki.

Ina kuɗin ke tafiya?

Shirin lambun makarantu na RHS ya fara ne a shekarar 2007, kuma dubban makarantu da ƙungiyoyin matasa sun yi rajista da shi. Shiga kyauta ne. Yana samar da darussa da jagora ga malamai, da horo kan yadda za a mayar da ɗan lungu a harabar makaranta ya zama fage na shuka, ya kuma ɓullo da matakan yabo biyar da makaranta kan hau ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ci gaban lambunta.

Yaran kan shuka abubuwa masu saurin nuna kamar latas da wake da dankalin Turawa da tumatir. A nan ne suke koyon awo da lissafi da kimiyyar tsirrai a aikace, wasu makarantun kuma kan dafa abin da aka girba ko su sayar wa iyaye.

Dalilin damuwar ya fito fili a wasu bincike biyu na shekarar 2013.

Na farko, wani rahoto da RHS ta jagoranci fitarwa ya gano cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kamfanonin harkar lambu da aka tuntuɓa na shan wahalar samun ƙwararrun ma'aikata. Kusan adadi ɗaya na matasa 'yan shekara 18 da aka tambaya kuma na ganin sana'ar ta wanda ya kasa karatu ce.

Na biyu, wata gidauniyar harkar abinci mai gina jiki ta Birtaniya ta tambayi yara fiye da 27,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan firamare sun ɗauka cuku daga tsiro ake samunsa, kimanin ɗaya cikin goma na 'yan sakandare kuma sun ɗauka tumatir a ƙarƙashin ƙasa yake nuna.

Batun ya wuce na ado. Birtaniya na shigo da fiye da kashi 80 cikin 100 na 'ya'yan itatuwan da take ci daga waje, gonakinta na kayan lambu kuma sun dogara ne ƙwarai da ma'aikatan da ke zuwa daga wasu ƙasashe a lokacin girbi. Ƙasar na buƙatar masu renon iri, da masana cututtukan tsirrai, da masu kula da itatuwa da wuraren shaƙatawa na birane. Idan yaro ya tashi yana ganin taɓa ƙasa ƙasƙanci ne, da wuya ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan.

Wannan ra'ayi na cewa aikin ƙasa na wanda boko ya ƙi ne, ba baƙo ba ne ga iyaye da malamai a ƙasashen Afirka ta Yamma, inda gonar makaranta ta taɓa zama ɓangare na karatun firamare.

Lambuna da ayyukan jinƙai

Gwanjon wadanni ɗan ƙaramin yanki ne na wata tsohuwar al'ada a Birtaniya ta tara kuɗin taimako ta hanyar lambu.

A shekarar 1927 aka fara wani shiri na ƙasa baki ɗaya, inda masu manyan lambuna suka buɗe ƙofofinsu ga jama'a a kan sule ɗaya, domin tallafa wa ma'aikatan jinya masu bi gida-gida. A shekarar farko lambuna kimanin 600 suka shiga, aka tara fiye da fam 8,000. Shirin na nan har yau da lambuna kimanin 3,500, kuma jimillar abin da ya bayar ga ƙungiyoyin jinya da lafiya ya haura fam miliyan 70.

Gwamnati ma na ƙarfafa bayarwa. A ƙarƙashin wani tsari da aka fara a shekarar 1990, idan mai biyan haraji ya ba da gudummawar fam 1, ƙungiyar jinƙai na iya karɓar ƙarin kwata na wannan kuɗi daga hukumar haraji.

A Chelsea kanta, ƙungiyoyin jinƙai sun daɗe suna amfani da lambunan gasa wajen tallata aikinsu. A shekarar 2013 ɗin da aka shigo da wadanni, akwai lambun gidauniyar Sentebale, wadda Yarima Harry na Birtaniya da Yarima Seeiso na Lesotho suka kafa a shekarar 2006 domin marayu da yaran da cutar ƙanjamau ta shafa a Lesotho.

A shekarar 2019 ƙungiyar Camfed mai tallafa wa ilimin 'ya'ya mata a Afirka ta kawo lambu mai siffar harabar makarantar ƙauye a Zimbabwe, da jar ƙasa da amfanin gona irin na yankin, ya kuma ci zinariya.

Sai dai babban lambu kan ci fam dubu ɗaruruwa, kuma a da bankuna da jaridu da manyan kamfanoni ne ke ɗaukar nauyi. Da suka fara ja da baya, adadin manyan lambunan ya faɗi daga 17 a shekarar 2016 zuwa 8 a shekarar 2017.

Wani asusu mai suna Project Giving Back ne ya cike giɓin. Wasu attajirai biyu da suka zaɓi a sakaya sunayensu ne suka kafa shi, aka kuma tsara zai ɗauki nauyin lambuna 60 na ƙungiyoyin jinƙai daga shekarar 2022 zuwa 2026. Sharaɗinsa shi ne, bayan biki a kwashe lambun a sake dasa shi inda jama'a za su amfana.

Alal misali, lambun da ya zo na ɗaya a shekarar 2023 na wata ƙungiya ce mai gina lambuna a cibiyoyin jinyar masu raunin laka, an kuma tsara shi ne domin masu keken guragu da masu kwance a gado, da nufin mayar da shi irin wannan cibiya a birnin Sheffield. A shekarar 2024 kuma 'yan wata firamare a unguwar Fulham ne suka taimaka wajen tsara wani lambu na yara, wanda aka mayar makarantarsu daga baya.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya gamsu da wannan salo ba.

Wasu na tambaya ko bai fi ba a miƙa kuɗin gina lambun kai tsaye ga marasa lafiya ko makarantu, maimakon kashe shi a nunin kwana biyar. Amsar ƙungiyoyin ita ce, da ruwan ciki akan ja na rijiya: bikin na samun sa'o'i masu yawa a talabijin, miliyoyin mutane na kallo, kuma ƙaramar ƙungiya ba za ta iya sayen irin wannan talla ba.

Wasu kuma na kokawa da ɓarna, ganin yadda ake jigilar manyan itatuwa da duwatsu daga nesa. Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan RHS ke neman kowane mai lambu ya bayyana inda kayansa za su koma bayan biki.

Game da wadannin kuwa, akwai masu cewa an buɗe musu ƙofa ne kawai sa'ad da hannun mashahurai ya taɓa su. Wadan da ma'aikaci ya saya a shago ya ajiye a ƙofar gidansa, har yanzu ba shi da gurbi a lambunan gasar. A ganin masu wannan ra'ayi, an yi amfani da abin talaka an tara kuɗi, ba tare da an sauya yadda ake kallonsa ba.

Akwai kuma batun girman kuɗin. Gwanjo irin wannan ba ya iya ɗaukar nauyin shirin da ya shafi dubban makarantu. Abin da ke riƙe da ayyukan ƙungiyar shekara bayan shekara shi ne kuɗin mambobi, da na tikiti, da na masu ziyartar manyan lambunanta biyar da ke sassan Ingila, da wasiyyoyin da mutane ke bari.

Dawowa a karo na biyu

Da RHS ta sanar da sake ɗage haramcin domin bikin shekarar 2026, ta danganta matakin da wani lambu da ta shirya tare da gidauniyar Sarki Charles na Uku, wanda manufarsa ita ce jawo hankalin jama'a, musamman matasa, zuwa ga aikin shuka. An san sarkin da son lambu, kuma an ruwaito cewa akwai wada guda a lambun gidansa na Highgrove.

Tsarin bai sauya ba: fitattun mutane su yi fenti, a yi gwanjo, kuɗin su tafi ga lambunan makarantu.

Ke nan bayan kusan shekaru 180 da Sir Charles Isham ya shigo da su Ingila, wadannin sun zagayo sun dawo kusa da gidan sarauta. Hausawa kan ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Shekaru 13 ne tsakanin ɗagewar farko da ta biyu, kuma a duka biyun ƙungiyar ɗage dokar ta yi, ba ta soke ta ba. Masu lura da al'amuran bikin na ganin tana da dalilin barin ta a littafi, tun da haramcin ne ke sa jama'a su waiwayo duk ranar da aka buɗe ƙofa.

Yaran da suka fara shuka a makarantunsu a shekarar 2007, lokacin da aka ƙaddamar da shirin, yanzu sun kai shekarun aiki. Yawan waɗanda suka zaɓi sana'ar shuka a cikinsu, da cikin na bayansu, shi ne ma'aunin da kamfanonin da suka koka a shekarar 2013 za su duba.